Naira Ko Kwanaki: Wane Ma'auni Ya Dace A Kai Gaban Daraktoci Kan Tsaron Intanet?

Duk bayan wata uku, a bankuna da kamfanonin sadarwa da na inshora, akwai ma'aikacin da ake kira ɗakin taron daraktoci a ba shi 'yan mintoci, galibi bayan an gama da rahoton riba kowa ya fara duba agogo. Shi ne shugaban sashen tsaron intanet. Waɗanda ke zaune gabansa tsofaffin ma'aikatan banki ne da lauyoyi da akantoci da 'yan kasuwa, mutanen da ke gane ciwon kamfani da kallo ɗaya a takardar kuɗi, amma yawancinsu ba su taɓa zama gaban kwamfutar da ake kai wa hari ba. Shafi ɗaya ko biyu da zai miƙa musu ne zai sa a ƙara masa kasafi, ko a sauya tsohuwar manhajar da ta daɗe tana ba shi tsoro, ko a ce masa "madalla, Allah ya taimaka" a wuce batu na gaba. Masana sun rabu biyu kan abin da ya kamata ya hau wannan shafin.

A da darakta na iya cewa harkar yaran kwamfuta ce, ba ruwansa. Doka ta rufe wannan hanyar. A Yulin 2023 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, SEC, ta wajabta wa kamfanoni su bayyana duk wani babban kutse cikin ranakun aiki huɗu daga lokacin da suka tabbatar da girmansa, kuma duk shekara su faɗi yadda daraktocinsu ke sa ido a kan lamarin. A Tarayyar Turai dokar DORA, wadda ta fara aiki a Janairun 2025, ta ɗora alhakin a wuyan shugabannin cibiyoyin kuɗi. A Najeriya Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin tsaron intanet ga bankuna tun 2018, ya sabunta su a 2024, kuma daraktoci ne ya sa a sahun gaba wajen ɗaukar nauyi. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar NDPC idan bayanan jama'a suka fita, tarar babban kamfani kuma tana iya kaiwa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara. Duk dokokin nan sun ce a sa ido. Zaɓen alƙaluman da za a kalla kuwa, galibi an bar wa kowane kamfani.

Akwai abin da ɓangarorin biyu suka yarda a jefar, wato adadin hare-haren da aka tare. "Mun daƙile hari miliyan kaza a wannan zangon" magana ce mai daɗin ji, sai dai ba ta gaya wa darakta komai. Idan adadin ya ƙaru, ƙila na'urar tarewa ce ta inganta, ƙila kuma maharan ne suka yawaita. Idan ya ragu, ƙila lafiya ce, ƙila kuma na'urar ce ta makance. Alƙaluman NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankuna wajen biyan kuɗi, sun nuna tarkon ƙirga kai: yawan zambar da aka kai rahoto a harkar biyan kuɗi ta Najeriya ya ragu a 2024, amma kuɗin da aka yi asara ya tashi daga ƙasa da naira biliyan 18 a 2023 zuwa sama da biliyan 52. Wanda ya kalli yawan zamba kawai zai tashi daga taro yana murna.

Daga nan hanya ta rabu. Ɓangare ɗaya ya ce a mayar da hatsarin zuwa kuɗi, a faɗa wa daraktoci nawa za a iya asara da kuma yiwuwar hakan. Ɗaya ɓangaren ya ce a ba su alƙaluman aiki kaɗan waɗanda ake iya tabbatarwa: kwana nawa ake ɗauka kafin a toshe ɓaraka, ƙofa nawa ce ba ta da makulli na biyu, awa nawa kafin a farfaɗo idan komai ya mutu.

Abin da masu lissafi da kuɗi ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce aikin darakta rabon dukiya ne. Yana auna hatsarin bashin da ba za a biya ba, da na canjin kuɗi, da na gobara, kuma duka da naira suke zuwa gabansa. Me zai sa tsaron intanet kaɗai ya zo da wani harshe daban? Idan aka ce masa kashi 87 cikin 100 na kwamfutoci an yi musu faci, ba shi da hanyar sanin ko wannan ya fi muhimmanci a kan buɗe sabon reshe ko ƙara jarin ko-ta-kwana. Idan kuwa aka ce masa, a misali, akwai yiwuwar kashi 10 cikin 100 cewa garkuwa da bayanai za ta ci wa banki fiye da naira biliyan 5 a shekara mai zuwa, kuma kashe miliyan 400 zai rage wannan yiwuwar zuwa kashi 4, to an ba shi abin da ya iya taunawa.

Jagoran wannan ra'ayi shi ne Jack Jones, wanda a farkon shekarun 2000 yake shugabantar tsaron bayanai a kamfanin inshora na Nationwide a Amurka. Ya sha ba da labarin yadda ya je neman kasafi, manyan kamfanin suka tambaye shi girman hatsarin da suke ciki da kuma nawa zai ragu idan suka ba shi kuɗin, amsarsa ba ta wuce cewa hatsarin na da yawa kuma zai ragu ba. Kunyar wannan amsa a gaban mutanen da sana'arsu ita ce sa wa hatsari farashi ce ta sa ya ƙirƙiro tsarin FAIR, wanda ƙungiyar Open Group ta mayar ma'auni na kowa daga baya. Yadda yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Ana ɗaukar masifa guda, a ce sace bayanan abokan hulɗa, a kasa ta gida biyu: sau nawa za ta iya faruwa, kuma idan ta faru nawa za ta ci. Kowane gida a sake farfasa shi, kamar kuɗin farfaɗowa, da cinikin da zai tsaya, da tara, da shari'a, da abokan hulɗar da za su gudu. Ga kowanne masana su ba da mafi ƙaranci, da mafi yawa, da wanda ya fi yiwuwa. Sai kwamfuta ta jujjuya waɗannan lambobin sau dubbai, ta fitar da taswirar asara daga ƙarama zuwa babba, kowacce da yiwuwarta.

Idan aka ce musu ai wannan kintace ne, sai su ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kowane hukunci da daraktoci ke yankewa akwai kintace a ƙarƙashinsa, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Bambancin kawai shi ne kintacen da aka rubuta ana iya kama shi a yi jayayya da shi.

Sun fi kaifi idan suka juya kan allon launuka, wanda har yau shi ne abin da daraktoci suka fi gani: ja, rawaya, kore. A 2008 masanin lissafin hatsari Tony Cox ya wallafa nazarin da ya nuna cewa irin waɗannan alluna na iya sa ƙaramin hatsari a gaban babba, har a wasu yanayi su fi zaɓen ido rufe muni. Douglas Hubbard da Richard Seiersen sun faɗaɗa wannan suka a littafinsu na 2016 kan auna hatsarin intanet. Abu biyu na iya zama ja a allo ɗaya, ɗaya asararsa miliyan 200, ɗaya biliyan 20, launin bai bambance su ba. Ga kuma rawaya, mafakar duk ma'aikacin da ba ya son a tsare shi da tambaya.

Amsar masu alƙaluman aiki

Su kuma suka ce: da kyau, amma daga ina lambobin suka fito? Mai inshorar mota yana da tarihin haɗurra na shekaru aru-aru, kuma hanya ba ta sauya dabara don ta ga an sa birki. Mai kutse yana sauyawa. Bayanin bara game da yadda ake shiga na iya zama tsohon labari bana. Kamfanoni da yawa kuma suna ɓoye abin da ya same su, don haka tarihin ma da ake da shi gutsattsari ne. Sai masana uku su zauna a ɗaki su yi hasashe, kwamfuta ta juya shi sau dubu goma, ya fito sanye da rigar lissafi har da ɗigo da lambobi biyu a bayansa. Darakta akanta, wanda ya saba cewa duk lambar da ta zo masa akwai rasit a bayanta, zai ɗauke ta da nauyin da ba ta da shi.

Misalin da suka fi so shi ne na Maersk. A ranar 27 ga Yunin 2017 muguwar manhajar NotPetya ta shiga kamfanin jiragen ruwan ta wata manhajar lissafin haraji ta Yukiren mai suna M.E.Doc. Ba Maersk aka nufa ba, tsautsayi ne ya rutsa da shi a rikicin da ba nasa ba. Cikin ɗan lokaci tashoshinsa na jiragen ruwa a ƙasashe da dama suka tsaya cik. Shugaban daraktocinsa na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a Davos a 2018 cewa sai da suka sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci 45,000 da manyan na'urorin ajiya 4,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Wane hasashe ne zai hango cewa manhajar haraji a ofishi guda a Yukiren za ta durƙusar da kamfanin da ke ɗauke da kaso mai tsoka na kwantenonin duniya?

Abin da ya ceci kamfanin ya fi komai ba da mamaki. Na'urorin da ke riƙe da rajistar sunaye da izinin shiga na duk ma'aikata, wajen 150, an tsara su ne kowace ta zama madadin 'yar'uwarta, ba wanda ya tanadi ranar da za su mutu gaba ɗaya. Ranar ta zo. Kamar yadda ɗan jarida Andy Greenberg ya ruwaito, guda ɗaya tal ta tsira, a ofishin kamfanin na Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin ta fita daga layi. Intanet ɗin wurin ba zai iya tura bayanan da sauri ba, ma'aikatan Ghana kuma ba su da bizar Ingila, sai ɗaya ya hau jirgi zuwa Najeriya ya miƙa faifan ga abokin aiki a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Masu alƙaluman aiki suka ce tambaya ɗaya da daraktoci za su iya yi kafin wannan rana ita ce: akwai kwafin da ba ya haɗe da layi, kuma yaushe aka gwada farfaɗowa daga shi, kwana nawa aka ɗauka? Amsar wannan ba ta buƙatar hasashe. Ko an gwada ko ba a gwada ba.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata kowane darakta ya ji. A cewar wannan rahoton, ma'aikatan tsaron Maersk sun riga sun nemi a gyara raunin tsarin tun kafin harin, an amince, an ware kuɗi. Amma da yake aikin bai shiga cikin ma'aunan da ake biyan manyan jami'an sashen kwamfuta garaɓasa da su ba, ba a aiwatar ba.

Don haka jerinsu gajere ne. Kwanakin da ake ɗauka kafin a yi faci ga ɓarakar da aka san maharan na amfani da ita, musamman a na'urorin da ke fuskantar intanet. Hukumar CISA ta Amurka tana da jerin irin waɗannan ɓaraka tun Nuwamban 2021, kowa na iya dubawa. Yawan ƙofofin shiga da ke neman tabbaci na biyu bayan kalmar sirri, irin lambar da banki ke turowa a waya. Tsawon lokaci daga shigar ɓarawo zuwa gano shi da kuma korarsa. Lokacin farfaɗowa da aka gwada a aikace. Sai 'yan kwangila na waje da ke da hanyar shiga ciki. Suka ce a duba manyan masifun: Colonial Pipeline, bututun mai na mil 5,500 a Amurka, ya tsaya na kwanaki a Mayun 2021 saboda kalmar sirri guda ta wani tsohon asusu da ba shi da tabbaci na biyu, aka biya fansar dala miliyan 4.4. Kamfanin kantuna na Target a 2013 an shige shi ne ta hannun ɗan kwangilar na'urorin sanyaya ɗaki, aka kwashe bayanan katin banki miliyan 40. Ba lissafi mai zurfi ya yi ƙaranci a waɗannan wuraren ba, aikin yau da kullum ne aka bari.

Masu lissafi da kuɗi sun dawo

A nan masu lissafi da kuɗi suka karɓe makamin abokan hamayyarsu suka juya shi. Suka ce waɗannan misalan naku ai su ne shaida cewa alƙaluman aiki na ruɗarwa. Ga Change Healthcare, kamfanin da ke sarrafa biyan kuɗin asibitoci da magani a Amurka, a Fabrairun 2024. Andrew Witty, shugaban UnitedHealth na lokacin, wato uwar kamfanin, ya shaida wa majalisar Amurka cewa ƙa'idarsu ita ce duk ƙofar da ke fuskantar waje ta kasance da tabbaci na biyu, amma wata ƙofar Citrix guda ba ta da shi. Ta nan aka shiga, ɓarayin suka yi kwana tara a ciki kafin su kulle komai, aka biya fansar dala miliyan 22, bayanan mutum wajen miliyan 190 suka fita. A ce an kawo wa daraktoci rahoton cewa kashi 99 cikin 100 na ƙofofi na da makulli na biyu, wane launi za a ba shi? Kore shar.

Equifax, kamfanin tattara bayanan bashin jama'a a Amurka, ya fi wannan ciwo. An sanar da ɓarakar manhajar Apache Struts a farkon Maris na 2017. Ranar 9 ga watan sashen tsaron kamfanin ya aika saƙo a yi faci cikin awa 48. Ranar 15 aka yi binciken na'ura, bai gano wata kwamfuta mai rauni ba. A takarda, aiki ya kammala. A zahiri akwai wani tsohon tsarin karɓar koke-koken jama'a da binciken ya tsallake, domin kamfanin ba shi da cikakken lissafin abin da ya mallaka. Maharan suka shiga a tsakiyar Mayu, suka yi kwana 76 suna kwasa, ba a gan su ba saboda takardar shaidar na'urar da ke duba zirga-zirgar bayanai ta daina aiki watanni da dama ba wanda ya lura. Mutum miliyan 147 abin ya shafa, shugaban kamfanin Richard Smith ya sauka, sulhun 2019 da hukumomi ya kai har dala miliyan 700. Kaso cikin ɗari yana da ma'ana ne idan an san ɗarin. Target ma an tabbatar masa da cika ƙa'idojin tsaron katin banki 'yan watanni kafin a shige shi, na'urarsa kuma ta yi kururuwa lokacin harin, ba a ɗauki mataki ba.

Sannan suka kawo abin da masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya lura da shi tun 1975, cewa da zarar ma'auni ya zama abin da ake hukunta mutum da shi, sai ya lalace. Ka ce a rage yawan ma'aikatan da ke danna saƙon tarko na gwaji, sai a riƙa tura musu tarkon da yaro ma zai gane. Ka ce a rage lokacin rufe ƙorafi, sai a rufe kafin a gyara. Wani babban bincike da aka yi kan ma'aikata wajen 19,500 na asibitocin Jami'ar Kalifoniya a San Diego ya gano cewa horon da ake bai wa wanda ya danna tarko bai rage dannawar da fiye da kusan kashi 2 cikin 100 ba, kuma irin saƙon da aka tura ya fi horon tasiri nesa ba kusa ba. Amma yawan danna tarko lamba ce da ba ta ɓacewa a rahotannin daraktoci, saboda tana da sauƙin zanawa.

Babbar tambayarsu dai ita ce: a ce faci na ɗaukar kwana 30, shugaban tsaro yana so ya koma 10, kuma hakan na buƙatar ƙarin ma'aikata shida. Ya cancanta? Alƙaluman aiki ba su da amsa. Suna nuna inda aka tsaya, ba sa faɗin inda ya isa a tsaya.

Su ma ba su yi shiru ba

Masu alƙaluman aiki suka amince cewa ana iya murɗa lambobinsu, amma suka ce murɗiyar da ake iya kamawa ta fi wadda ba a iya kamawa. Mai binciken cikin gida na iya ɗaukar kwamfutoci hamsin ya duba ranar da aka yi musu faci. Ta yaya zai binciki "yiwuwar kashi 10 cikin 100"? Idan masifar ta faru an ce ai cikin goman ne, idan ba ta faru ba an ce ai cikin casa'in ne. Wanda ke son ƙarin kasafi zai ɗaga hasashe, wanda ke son a bar shi ya huta zai sauke.

Ga kamfanin Najeriya matsalar ta ninka. Rahoton IBM na 2024 ya sa matsakaicin asarar kutse a dala miliyan 4.88, lambar da ake yawan arowa a liƙa a rahoto, alhali an tattaro ta ne daga ƙasashe masu irin nasu shari'a da tara da albashi. Ga naira, wadda ta faɗi daga wajen 460 a kan dala a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024: lissafin asarar da aka yi kafin faɗuwar ya tsufa kafin taro na gaba, tunda na'urori da lasisin manhaja da ƙwararrun da za a kira daga waje duk da dala ake biyansu. Inshorar da ake cirewa daga lissafin asara ma ba tabbas ba ce. Kamfanin magunguna na Merck ya yi shekaru a kotu da masu inshorarsa kan dala biliyan 1.4 na ɓarnar NotPetya, su suna cewa aikin yaƙi ne ba su ɗauki nauyinsa ba, sai a farkon 2024 aka sasanta.

Hujjarsu da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wanda ba a lissafa da shi. Lissafin kuɗi yana auna asarar kamfani ne. Lokacin da Change Healthcare ya tsaya, marasa lafiya ne suka rasa magani a kantuna, ƙananan asibitoci suka kasa biyan albashi. Lokacin da kutse ya tsayar da masana'antun Jaguar Land Rover na makonni a 2025, ƙananan kamfanonin da ke kai masa kaya ne suka fara jigata, har gwamnatin Birtaniya ta tsaya masa a kan rancen fam biliyan 1.5. Idan tsarin banki ya mutu kwana uku, mai POS a Kantin Kwari da 'yar fanshon da ke jiran kuɗin magani ba sa cikin taswirar asara sai gwargwadon yiwuwar su kai ƙara ko su sauya banki. Lissafin na iya nuna cewa haƙuri da hatsarin ya fi gyara arha, kuma ya zama daidai a takardar kamfani.

Tankaɗe da rairaya

Wasu abubuwa sun fito fili. Sukar allon launuka ta zauna daram, ban ga amsa mai ƙarfi gare ta ba. Makin balaga da ake bayarwa bisa tsarin NIST ko takardar shaidar ISO 27001 suna da amfani wajen nuna ko akwai tsari, amma ba sa nuna ko tsarin zai tsaya ranar da aka gwada shi. Makin da kamfanoni irin su BitSight ke bayarwa daga waje kuwa bangon gida kawai suke gani.

Idan aka jera Equifax da Colonial da Change Healthcare, abu ɗaya ke maimaituwa: masifar ta shigo ne ta wurin da aka keɓe, tsohon asusu, ko tsohuwar manhaja, ko kamfanin da aka saya ba a gama haɗe shi da tsari ba. Wannan ya ba masu lissafi da kuɗi gaskiya cewa kaso cikin ɗari na ɓoye abu. Sai dai maganin da ya biyo baya a gidan abokan hamayyarsu yake. A ganina, maimakon a ce wa daraktoci kashi 99 an kulle, a kawo musu sunayen waɗanda ba a kulle ba, da wanda ya sa hannu aka bar su a buɗe, da ranar da izinin zai ƙare. Jeri mai layi bakwai da sunan babban manaja a gefen kowane layi ya fi kowane zane motsa ɗakin taro. Kusa da kowane kaso kuma a rubuta yadda aka san jimillar, da ranar da wani daga waje ya gwada ta.

Batun wa ya kawo lambar ma ya fi irin lambar nauyi. Shugaban tsaron da ke auna aikinsa da kansa kamar mai hatsi ne da ya zo kasuwa da mudunsa. Ko da mutumin kirki ne, mai saye na da haƙƙin ya nemi wani mudun. Shi ya sa ƙa'idar Babban Banki ta hana shugaban tsaro zama ƙarƙashin shugaban sashen kwamfuta. Amma daraktoci ma suna da nasu laifin. Inda duk wanda ya kawo ja ake wanke shi tas a gaban jama'a, a taro na gaba rawaya zai kawo. Shari'ar da SEC ta shigar kan kamfanin manhaja na SolarWinds da shugaban tsaronsa a Oktoban 2023, wadda ta dogara sosai kan rubuce-rubucen cikin gida, ta ƙara wa ma'aikata tsoron rubuta gaskiya tsirara, duk da cewa alƙali ya yi watsi da yawancin tuhume-tuhumen a Yulin 2024.

Kan lissafi da kuɗi, na fi karkata ga amfani da shi a wuri ƙanƙani: masifu uku ko huɗu da za su iya karya kamfani, sau ɗaya a shekara lokacin kasafi da sabunta inshora, a bayar da shi a matsayin daga kaza zuwa kaza, tare da hasashen da aka gina shi a kai a shafi ɗaya. Rabin lissafin da ya shafi girman asara ya fi rabin yiwuwa ƙarfi, domin kowane banki ya san abin da yake samu a rana, ya san tarar da doka ta yanka. Masu FAIR za su ce na gutsure tsarinsu na bar rabinsa, kuma ba tare da yiwuwa ba babu yadda za a kwatanta gyara biyu. Suna da hujja. Ko rabin nan mai rauni zai yi ƙwari nan gaba ya dogara da ko bayanan asara za su taru a fili. A Amurka sanarwar da SEC ta tilasta ta fara tara irin wannan tarihin. A Najeriya rahotanni na zuwa ga hukumomi, amma ba kasafai banki ke fitowa ya faɗi nawa kutse ya ci masa da yadda aka shiga ba. Babban banki mai rassa a ƙasashe da dama na iya gina hasashe daga tarihinsa. Ƙaramin bankin al'umma mai ma'aikatan kwamfuta uku kuwa, kuɗin da zai biya mai ba da shawara ya zana masa taswirar asara ƙila ya ishe shi sa tabbaci na biyu a duk ƙofofinsa.

Wurin da na ga gardamar ba ta mutu ba shi ne ranar da shafukan biyu suka saɓa. Shafin aiki ya nuna tsohuwar manhajar biyan albashi ta wuce wa'adin faci da wata biyar, masu ita ma sun daina kula da ita. Shafin kuɗi ya nuna asarar da ake tsammani daga gare ta ba ta kai kuɗin sauya ta ba. Mai lissafi zai ce a sa hannu a haƙura da hatsarin, don wannan ne ma aka yi lissafin. Mai aiki zai ce irin wannan tsohon tsarin ne ya kai Equifax ƙasa, kuma da an auna shi kafin Mayun 2017 ƙila da shi ma ya fito da arha. Daraktocin da ke wannan teburi dole su zaɓi ɗaya kafin a tashi, kuma sakataren kamfani zai rubuta sunayen waɗanda suka halarta.